Yadda ake sa ido kan sabar da aka raba gida-gida, a gano abin da ke sa ta nauyi

Ma'aikatu da dama a Damagaram, daga makarantu zuwa asusun ajiya da ƙungiyoyin agaji, sun daina sayen saba guda don kowane aiki. Na'ura ɗaya mai ƙarfi ake saya, a ɗora mata manhajar raba saba, Proxmox VE ko VMware ESXi ko Hyper-V, sannan a yanka ta gida-gida: wannan VM (kwamfutar da manhaja ta ƙirƙira) na albashi, wancan na rajistar ɗalibai, na uku na ajiyar takardu. Na'urar ƙarfen ita ce mai masauki, ƙananan da ke zaune cikinta su ne baƙi. Dabara ce mai rage kuɗin kaya da na wuta. Amma ranar da akawu ya leƙo ya ce, "Malam, yau fa mashin ɗin nan ta ƙi tafiya," abin da akasarinmu ke yi shi ne mu ƙara wa baƙon firosesa da RAM, mu ce a sake gwadawa. Sau da yawa ƙarin ba ya magani, wani lokaci ma shi ke ƙara dagula lamarin. Baƙo ɗakinsa kawai ya sani. Idan kana son sanin inda ciwon yake, wurin mai masauki za ka fara tambaya, kuma a garinmu kafin ma ka kai gare shi sai ka tambayi ɗakin da aka ajiye shi.

Mataki na 1: Rubuta abin da ke hannunka

Ɗauki takarda ko ka buɗe tebur. Rubuta yawan ƙwayoyin firosesa na gaske da mai masauki yake da su, da yawan RAM, da irin diski: mai juyawa ne ko SSD, kuma wane RAID (tsarin haɗa diski da yawa su yi aiki tare) aka ɗaura. A ƙasa jera baƙi duka, kowanne da vCPU (ƙwayar firosesa da baƙo ke gani) nawa aka ba shi, RAM nawa, aikin me yake yi, wa ke kuka idan ya tsaya. Sai ka tara. Idan ƙwayoyi 16 gare ka amma jimlar vCPU ta kai 60, ka riga ka ga wani abu tun kafin ka taɓa komai. Raba ƙwaya ɗaya tsakanin baƙi biyu ko uku ba laifi ba ne, don haka aka ƙirƙiri tsarin. RAM ce ba ta son irin wannan wasa. A nan ne kuma za ka tarar da VM ɗin da wani ya kafa don gwaji tun bara, ya tafi ya bar shi a kunne.

Mataki na 2: Zafi da wuta tukuna

Littattafan da aka rubuta a Turai sun ɗauka ɗakin saba kullum a sanyaye yake. A Damagaram kuwa, watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kilim kuma ba ya bisa ondilar, wato batirin da ke riƙe saba idan wuta ta ɗauke, don haka da wuta ta ɗauke saba na ci gaba da aiki a ɗakin da ke rufe ruf. Shawarar masana ita ce iskar da ke shiga gaban saba ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, kuma yawancin sabobi an yi su ne su jure har 35. Idan aka wuce nan, firosesa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Daga cikin VM ba za ka ga alamar komai ba, sai dai aikin da ke ɗaukar minti ɗaya ya koma uku, kullum bayan azahar.

Shiga shafin kula da ƙarfen, iDRAC idan Dell ce, iLO idan HP ce, ka dubi zafin iskar shiga da gudun fanka. A kan Proxmox, wannan umarnin ya isa:

`ipmitool sdr type temperature`

Idan fanka na ihu har ana jinta daga baranda, cire murfin gaba ka duba. Ƙurar hunturu na yin tabarma a ramukan shan iska, kuma ba a share ta da tsumma mai ruwa: kashe na'urar, ka hura ta da abin hura iska a waje. Yi haka idan hunturu ya wuce, kafin bazara ta kankama.

Sai wuta. Babban kaso na wutar yankin nan ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Saba a nan dole ta san halin ondilar ɗinta. Haɗa su da wayar USB ko ta rezo, ka ɗora manhajar NUT mai karanta halin ondilar, sannan ka rubuta `upsc` da sunan da ka ba ondilar. Layi uku za ka duba: `ups.status`, wanda ke nuna OL idan akwai wuta, OB idan ana bisa batir, LB idan batir ya kusa ƙarewa, sai `battery.charge`; sai `battery.runtime`, wato daƙiƙun da suka rage. Saita NUT ta kashe baƙi cikin tsari tun batir bai mutu ba. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali: batir mai ruwan dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10 sama da 25. Gwada shi da rana tsaka, gurup na kusa, ka ga minti nawa yake ɗauka da gaske.

Mataki na 3: Kafa mai gadi, amma ba a cikin gidan da yake gadi ba

Zane-zanen da ke shafin Proxmox ko vSphere na VMware suna da amfani, sai dai ba sa kiranka idan abu ya ɓaci. Kana buƙatar manhajar da ke tara awo dare da rana. Ga ƙaramin biro ni Zabbix nake zaɓa: kyauta ce, kuma ta zo da samfurin Proxmox da na VMware da na Linux da na Windows a shirye. Masu son Prometheus da Grafana ma ba su yi kuskure ba, sai dai aikin haɗawa ya fi yawa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne a ɗora Zabbix a matsayin VM cikin sabar da za ta sa wa ido. Saba ta mutu, mai gadi ya mutu tare da ita, babu mai ba da labari. Nemi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir da rai, ka sa mata Debian, ta zama mai gadi. Ba ta cin wuta, kuma batirinta na riƙe ta bayan komai ya ɗauke.

A kan Proxmox ƙirƙiri mai amfani na musamman, ka ba shi matsayin PVEAuditor wanda kallo kawai yake iya yi, ka samar masa mabuɗin API, wanda manhaja ke shiga da shi, ka ba Zabbix. A cikin kowane baƙo sa wakilin Zabbix, ƙaramar manhajar da ke kai masa awo, ka buɗe masa ƙofa ta 10050. Sa kuma `qemu-guest-agent`, ko VMware Tools idan ESXi ce, domin ba tare da su ba mai masauki ba kullum yake iya kashe baƙo da ladabi ba. Daidaita agogon kowa da `chrony` bisa lokacin Africa/Niamey. Idan agogo ya saɓa, ba za ka iya cewa wannan nauyin da wancan kwafin ajiyar lokaci ɗaya suka faru ba.

Mataki na 4: Bar ta ta yi sati biyu

Kada ka gyara komai tukuna. Ba za ka gane rashin lafiya ba sai ka san yadda na'urar take idan lafiyarta ƙalau. Bari awon ya ratsa safiyar Litinin, da Juma'a da ake tashi da wuri, da ƙarshen wata idan ana lissafin albashi. A makaranta, makon rajista da na fitar da sakamako su ne ma'auni, ba lokacin hutu ba. Rubuta a gefe duk lokacin da wani ya kawo kuka, da ƙarfe nawa ne. Wannan jerin kukan zai yi maka amfani fiye da yadda kake zato.

Mataki na 5: Firosesa, ka dubi jira ba aiki ba

Kowa ya iya duba kashi nawa firosesa ke aiki. Abin da ya fi muhimmanci a sabar da aka raba shi ne tsawon lokacin da baƙo ya yi a shirye yake ya yi aiki amma bai samu ƙwaya ba. Wanda ya taɓa bin layin jarkoki a famfon Garin Malam ko Kara-Kara ya san cika jarka ba ta da wuya, jiran layi ne ke cinye wuni, kuma mai jarka takwas da ya ce sai ya cika su tare ya fi mai biyu daɗewa.

A cikin baƙo mai Linux rubuta `top`, ka dubi layi na uku. Ga misalin abin da za ka iya gani:

`%Cpu(s): 22.0 us, 4.1 sy, 0.0 ni, 41.3 id, 19.8 wa, 0.0 hi, 0.3 si, 12.5 st`

Mai gaggawa zai ga `id` na 41.3 ya ce firosesa na hutawa, babu matsala. Amma `st` na 12.5 na nufin kashi 12.5 na lokacin baƙon ya so ya yi aiki, mai masauki ya ba wani. `wa` na 19.8 kuma jiran diski ne, za mu zo kansa. Idan `st` na yawan zama sama da 5, fara bincike. Idan ya zauna sama da 10, masu aiki sun riga sun ji a jikinsu. Windows ba ta nuna wannan lamba a Task Manager, don haka baƙon Windows daga waje ake auna shi.

A ESXi shiga ta SSH ka rubuta `esxtop`, danna `c`, sannan babban `V` don baƙi kawai su rage. Dubi `%RDY`, ka raba shi da yawan vCPU na baƙon, domin jimla ce ake nuna maka. Sama da 5 ga kowace vCPU abin dubawa ne. Dubi `%CSTP` ma: idan ya wuce 3, baƙon ya yi faɗi da yawa, ƙwayoyinsa na jiran juna. A zanen vSphere na nan-take kuwa, da milisakan ake ba da wannan jira cikin kowane sakan 20, don haka raba lambar da 200 ka samu kashi: 1000 ya zama kashi 5.

Maganin yakan ba mutane mamaki. Rage vCPU ake yi. Baƙon da aka ba 8 amma bai taɓa cinye aikin 2 ba, mayar da shi 2 ko 4. Mai manhajar zai ce takardarsa ta ce 8. Nuna masa zanen sati biyu, ku yi yarjejeniyar gwaji na mako guda. Sannan leƙa BIOS: sabobi da yawa suna zuwa da tsarin tsimin wuta da ke rage gudun firosesa. A ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, mayar da shi kan cikakken ƙarfi. A ɗakin da kilim ke mutuwa kullum, ni dai ba na gaggawar taɓa shi.

Mataki na 6: RAM

Lambar da Proxmox ke nunawa ja-jawur ba kullum take nufin matsala ba, domin Linux na cika RAM da ajiyar wucin-gadi da take saki idan an buƙata. Rubuta `free -h` ka dubi `available`, shi ne gaskiya. Sannan `vmstat 5`: idan `si` da `so` suna motsi ba tsayawa, na'urar na kwashe RAM tana zubawa a diski, kuma daga nan komai ke rarrafe. A ESXi danna `m` a `esxtop`: `MCTLSZ` sama da sifili na nufin mai masauki ya fara karɓe RAM daga baƙi, `SWR/s` da `SWW/s` kuma na nufin abin ya kai ga diski.

Mai amfani da ZFS, tsarin ajiya da Proxmox ke zuwa da shi, ya san da wannan: a tsofaffin kafawa ZFS na iya riƙe har rabin RAM don kanta. Daga Proxmox 8.1 sabuwar kafawa ta rage shi zuwa kashi 10, amma wanda ya sabunta daga tsohuwa yana nan da tsohon hali. Don tsayar da shi a gigabait 8, sa wannan layi a `/etc/modprobe.d/zfs.conf`, ka gudanar da `update-initramfs -u`, ka sake kunnawa:

`options zfs zfs_arc_max=8589934592`

Ƙa'idata mai sauƙi ce: jimlar RAM ta baƙi, da ta ZFS, da gigabait biyu zuwa huɗu na mai masauki, kada su wuce abin da ke cikin ƙarfen.

Mataki na 7: Diski, inda ɓarawon ya fi ɓuya

Idan za ka yi mataki ɗaya kawai cikin waɗannan, yi wannan. Diski mai juyawa 7200 a minti ba ya wuce karatu ko rubutu ɗari a sakan idan aikin a warwatse yake, alhali SSD na yin dubbai. Baƙi goma a kan diski huɗu masu juyawa a RAID 5, inda kowane ƙaramin rubutu ke jawo aiki huɗu, dole su yi ta jiran juna ko da firosesa na barci.

A kan mai masauki rubuta `iostat -x 5`, ka bar shi ya yi ƴan zagaye, domin na farko matsakaici ne tun daga kunnawa. Dubi `r_await` da `w_await`, milisakan ɗin da kowane aiki ke jira. A SSD ya kamata su tsaya ƙasa da 5. A mai juyawa, 10 zuwa 15 ba laifi. Idan suna zaune sama da 20, ga mai laifinka. A `esxtop` danna `u`: `DAVG` jinkirin na'urar ajiya ne, `KAVG` kuma jinkirin da ke cikin ESXi kanta, wanda bai kamata ya wuce 2 ba. Don gano baƙon da ke hana sauran sakat, danna `v`, ko ka yi `iotop -o` a Proxmox.

Da ka ga jinkiri, bi waɗannan da tsari. Fara da lafiyar diski: `smartctl -a`, ko `zpool status`, ko shafin iDRAC. RAID da ta rasa diski ɗaya tana ci gaba da aiki, amma da ɗingishi, kuma tana iya yin wata a haka ba wanda ya lura. Sai batirin katin RAID. Zafi na kashe shi kamar yadda yake kashe na ondilar, kuma da ya mutu katin ke daina tara rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya koma rubutawa kai tsaye. Ranar nan gudu zai faɗi warwas ba tare da an canza komai ba.

Sai hoton-yanayi (snapshot) na baƙo da ake ɗauka kafin sabunta manhaja. Ba kwafin ajiya ba ne, kuma VMware da kanta ta ce kada ya wuce awa 72. Wanda aka manta da shi wata shida yana kumbura, yana rage gudu, kuma ranar goge shi sai an yi haƙuri. Goge shi da dare, wuta na nan, kada ka katse shi a tsakiya.

Sai cikar wuri. Idan an yi wa baƙi alkawarin fili fiye da wanda ke akwai, ranar da rumbun ya cika duk za su tsaya cak. `lvs` na nuna `Data%`, `zpool list` na nuna `CAP`. Kada ka bar ko ɗaya ya haura 80.

Na ƙarshe, kwafin ajiya. Idan duk baƙi na yin nasu ƙarfe goma sha biyun dare tare, raba su, ka sa `bwlimit` a `/etc/vzdump.conf`. Ka kuma zaɓi lokacin da za a iya tada gurup idan wuta ta ɗauke, domin kwafin da ya katse bai yi wa kowa amfani ba. Idan bayan duk wannan jinkirin na nan, mayar da baƙon da ke riƙe rumbun bayanai kan SSD biyu irin na saba a madubin juna. Wannan ya fi sayen sabuwar firosesa amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na 8: Rezo

Rabin kukan "saba ta yi nauyi" na intanet ne, ba ruwan saba. Raba su da `iperf3` tsakanin baƙon da wata kwamfuta ta cikin biro: a layin gigabit ya kamata ka ga kusan megabit 940. Idan ka ga casa'in da wani abu, `ethtool` zai nuna maka katin ya sauka zuwa 100, kuma yawanci waya ce ɓera ya taɓa ko kanta ya saki. Tabbatar katin baƙi VirtIO ne a Proxmox, VMXNET3 a VMware, ba E1000 ba.

Mataki na 9: Ƙararrawa kaɗan, masu ma'ana

Samfuran Zabbix suna zuwa da ƙararrawa barkatai. Idan wayarka na kuka sau hamsin a wuni, cikin mako za ka daina dubawa. Waɗanda suka cancanci su tashe ka daga barci ba su da yawa: mai masauki ya ɓace, ondilar ta koma batir fiye da minti biyar, iskar shiga ta haura digiri 32, diski ya faɗi a RAID, rumbu ya kai kashi 85, kwafin ajiya bai kammala ba. Sauran, irin su `st` da jinkirin diski, sa musu sharaɗin sai sun daɗe minti goma zuwa sha biyar, su zo a saƙon safe.

Zabbix na aikawa ta Telegram da imel, amma duka biyun intanet suke bi, kuma sau da yawa wuta da intanet tare suke tafiya. Sa ƙaramin modem na USB mai layin Airtel ko Moov ko Zamani a jikin mai gadin, ya riƙa tura SMS. Lambar mutum biyu za ka sa, kuma ka tuna layin da ba a sa masa kuɗi ba rufe shi ake yi.

Mataki na 10: Gyara ɗaya-ɗaya, ka tsara tashin bayan ɗaukewar wuta

Canji ɗaya za ka yi a lokaci guda. Rubuta rana da ƙarfe da abin da ka taɓa, ka jira kwana biyu ko uku, ka gwama zanen da na baya. Idan ka rage vCPU, ka ƙara RAM, ka matsar da diski duk a dare ɗaya, ko abin ya gyaru ba za ka san wanne ya yi aiki ba, idan ya ɓaci ma haka.

Saura tashi. Idan wuta ta dawo baƙi goma suka tashi tare, diski na shaƙewa na tsawon mintuna, manhajar albashi ta tashi kafin rumbun bayananta ta faɗi da kuskure. A Proxmox buɗe zaɓuɓɓukan kowane baƙo ka ba shi lambar jeri da jinkiri: mai DNS (fassara suna zuwa adireshi) da tantance masu shiga shi ne na 1, rumbun bayanai na 2 da jinkirin sakan 120, manhajoji na 3, na gwaji kuma kada su tashi da kansu sam. Wurin kashewa Proxmox na bin jerin a juye, wanda shi ake so. A BIOS saita na'urar ta kunna kanta idan wuta ta dawo, a ondilar kuma sa ta jira batir ya ɗan cika kafin ta saki wuta, saboda wutar da ke dawowa ta sake ɗaukewa bayan minti biyu. Gwada tsarin duka ranar Asabar: zare wayar ondilar daga bango, ka riƙe agogo, ka ga ko SMS ya iso, ko baƙi sun kwanta bisa jeri kafin batir ya ƙare, kuma ko sun tashi daidai bayan ka mayar da wayar.